Dashen unguwa ya bushe, wa ke da laifi?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, mu fiye da talatin muka dasa mangwaro, gwaba, zogale da tsamiya a filin bayan lakwal, wato makaranta, nan Damagaram, don yaran unguwa su samu na ci. Kowa ya ɗauki hoto. Yau ga bazara, cikin dashe 40 saura 11. Ni kaɗai nake turo kura da bidon ruwa shida kowace asuba. Jiya na tarar akuya ta gwaguye ɓawon mangwaron da ya fi tsawo, har farin cikinsa ya fito. Ina masu aikin sa kan? Ragwaye kawai!

Inna Mai Ƙosai: Ɗana, janye kalmar nan. Matar da ta tashi ƙarfe uku na dare tana layin pampo a Damagaram, ita ce raguwa?

Bazanga: Rago a wurin iyayenmu shi ne wanda ya gudu daga filin kokawa. Mu ba mu gudu ba, ba a kira mu ba ne.

Ɗan Birni: Yaya, sai an kira ka? Da hannunka ka dasa.

Malam Mai Allo: A'a, rago shi ne wanda ya samu hali ya ƙi. Wanda bai da ruwan sha a randa ba ya cikinsu.

Bazanga: Ku 'yan unguwar Birni kullum kuna ganin mutanen unguwar Zango baƙi ne. Kuma akuyar ta wa ce? Ta maƙwabcinka ce, kowa ya sani.

Inna Mai Ƙosai: Ka gani da idonka? Ka ji tsoron Allah.

Ɗan Mirya: Jama'a, mangwaro ɗan ruwa ne, garin nan kuwa kan dutse yake. Ku dubi kukokin Mirya da gawon gonakin Matamaye, wa ke bin su da bido? A dasa magarya da aduwa, a kewaye da ƙaya.

Bazanga: Ba wannan ake magana ba. Ya janye "ragwaye" tukuna.

Shugaban zaure: To, an ji kowa. Abin da na fahimta, ƙanena Ɗan Birni yana da gaskiya, zafin rai ne ya sa shi faɗi, kuma 'yan Zango ne suka kawo rabuwar kai. Maganar akuya a bar ta. Gobe bayan sallar asuba kowa ya zo da bido ɗaya.

Bazanga: Ni sai ya janye.