Baƙo zai zo mini Yamai, ni kuwa kasuwa kaɗai na sani

Ɗan Ader: Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka mini da shawara. Shekara biyu ke nan da na baro Tawa, ina tsaron shagon kawuna a Babbar Kasuwa. Ƙarfe 7 nake buɗewa, sai magariba in rufe, ran Lahadi ma in kaya sun iso daga Lome babu hutu. Kawu mutumin kirki ne, amma tun da ɗansa ya shiga yawon dare ya cinye masa jari, ko majalisar shayi ba ya son ya gan ni. Ni kuma a gidansa nake kwana a Bukoki, matarsa ke ba ni abinci. To da salla na je gida, baki ya ja ni gaban yayan yarinyar da nake nema, na ce babu lungun da ban sani ba a Yamai. Shi mushe ne, mai son tarihi da wasan kwaikwayo. Yanzu ga shi zai zo kwana uku, ya ce ni zan zaga da shi. Jaka 15 gare ni. Zabarmanci ba na ji, Faransanci kaɗan-kaɗan. Ina zan kai shi?

Maman Biyu: Ƙanena, wace rana zai zo? Kuma kawun ya san da zancen?

Tsohon Mushe: Ɗana, kwantar da hankalinka, ni na yi shekara da shekaru ina kai 'yan lakwal. Ka fara da gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, tun kafin 'yancin kai. Wuni guda ba ya isa. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a yankin Agadas, akwai zakuna da dorina, ga maƙera da dukawa suna aiki a gabanka. Kada ka bari ya wuce itacen Tenere: shi kaɗai ne tsaye cikin hamada har direban wata babbar mota ya kayar da shi a 1973, aka ɗauko gawarsa zuwa nan. In kun fito, tsallake hanya ga cibiyar al'adu da ake kira Jean Rouch a da. Tun 2024 sunan Moustapha Alassane take ɗauke da shi, mai fim ɗin zane wanda ya daɗe zaune a garinku Tawa. Faɗa masa wannan kaɗai, zai ɗauka ka yi karatu.

Ɗan Ader: Na gode Baba. Amma gidan tarihin ya taɓa zuwa, lokacin da yake jami'a a Harobanda.

Tsohon Mushe: Ashe ya fi ka sanin garin! Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?

Mai Gurumi: Kullum gidan tarihi, kullum matattu. Masu rai fa? Ka kai shi CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa, ya ga kayan kiɗan gargajiya da yara masu koyo, da dare ku nemi inda ake wasa. Amma gaskiya mu makaɗa mun gaji. Wata uku ke nan na yi wa wani mai gidan abinci wasa dare biyu, har yau "gobe" yake ce mini. Kowa na son kiɗa, ba mai son biya. Ana yabon marigayi makaɗi Ɗan Gurmu, an sa wa gasa sunansa, mu jikokinsa kuɗin taksi ke gagarar mu.

Ɗan Ader: Allah ya fidda maka haƙƙinka. Sai dai dare ba zai yiwu ba, ƙarfe 9 kawu ke kulle gida.

Mai Gurumi: To da rana wa zai yi maka wasa cikin wanga zafi?

Maman Biyu: Ni dai shawarata ka gaya wa mutumin gaskiya. Surukuta ba a fara ta da ƙarya. Ka ce aiki ya riƙe ka, ku zaga tare, shi ya nuna maka. Sannan ku biya Wadata wurin masu sana'ar hannu, ka saya wa yarinyar takalmi ko jakar fata ya kai mata. La'asar ku sauka bakin kogi kusa da gadar Kennedy.

Tsohon Mushe: Hajiya, Wadata da jaka 15? Rabin kuɗin zai tafi kafin su sha ruwa. Kuma bakin kogi ba al'ada ba ne, shan iska ne. Ɗana, ka saurare ni: mai son wasan kwaikwayo CCOG ake kai shi, wato cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Ka leƙa tun kafin ya zo, ka karanta abin da aka liƙa a ƙofa. Oumarou Ganda da aka sa wa wurin sunansa shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Yaran yanzu ba wanda ya san haka, sai waya.

Ɗan Ader: Mama, ba ƙarya na yi ba fa. Na san hanyoyi, ina kai kaya Katako da Yantala, shiga wuraren ne ban yi ba. Kuma in na ce masa ban sani ba, gidansu duka za su ji. Baba, in leƙa yaushe? Shago fa?

Maman Biyu: Har yanzu ba ka ce ko kawunka ya sani ba.

Mai Gurumi: In ka samo jaka 5 ni zan zo in kaɗa muku har gida.

Tsohon Mushe: Gidan mutumin da ya hana shayi za ka kai gurumi?

Ɗan Ader: Yanzu ya kira, wai da abokinsa za su zo. Taksin mutum uku daga Bukoki zuwa CCOG nawa ne?