Inda Za A Kwana Kyauta Da Mota Mai Ɗakin Kwana A Turai

Da masu yawo da mota mai ɗakin kwana suka tattauna, kusan duka sun yarda Faransa ce ta fi sauƙi. Ƙananan garuruwa da yawa sun ware filin ajiye irin wannan mota, wasu kyauta, har da wurin zubar da ruwan datti. Akwai kuma tsarin France Passion: ka biya kuɗin shekara, sai ka kwana a gonakin manoma na awa 24 ba tare da ƙarin biya ba. Kyautatawa ce ka sayi cuku ko zumarsu kafin ka tafi.

A Jamus an yarda direba ya kwana dare ɗaya don ya huta, muddin babu alamar hani. Amma kada ka fito da kujeru, kada ka buɗe rumfa. Da zarar ka yi haka, ka zama mai kafa sansani, tara na iya biyo baya. Holan kuwa ta tsananta, gara ka nemi wurin da aka tanada.

Manhajar Park4night, wadda ke nuna wuraren kwana da mota, na taimakawa, amma ka karanta sabbin bayanai, domin wurare na rufewa. Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ka isa wurin da sauran rana, ka duba, in hankalinka bai kwanta ba ka ƙara gaba.