Wace manhaja ce ta cancanci zama a wayarka?

Nafisa: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Idan mutum ya samu sabuwar waya da tabulet kuma ba ya son cika su da tarkace, waɗanne manhajoji ne suka dace da hidimar yau da kullum? Rubuta abin da ba a so a manta, mayar da takarda PDF, ajiyar hotuna, neman hanya, irin waɗannan. Sannan yaya ake gane ta ƙwarai tun kafin a sauke ta?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Nafisa. Da tambayarki ta biyu zan fara, don ita ce uwar ta farko. A shafin kowace manhaja a Play Store ko App Store, kada ki tsaya kan taurarin da ke sama, gangara ƙasa. Duba sunan kamfanin da ya yi ta, saboda masu jabu sukan kwaikwayi tambari da suna su sauya harafi ɗaya, amma sunan kamfanin shi ke tona musu asiri. Duba ranar da aka sabunta ta na ƙarshe. Wadda ta shekara biyu ba a taɓa ta ba, mai ita ya watsar da ita, duk wata ɓaraka da ke cikinta tana nan a buɗe. Sai ki shiga ra'ayoyin jama'a, ki jera su daga na baya-bayan nan, ki karanta na masu tauraro ɗaya da biyu. Yabo ana iya sayensa. Amma idan mutum goma daban-daban suka ce talla ta hana su aiki, ko an cire musu kuɗi ba da saninsu ba, ki yarda da su.

Hajiya Binta: Ƙari a kan na Malam. Ki tambayi kanki, mai manhajar nan da me yake samun kuɗi? Ko dai yana sayar da ita, ko yana karɓar kuɗin wata-wata, ko yana nuna talla, ko yana tattara bayanan mutane ya sayar. Akwai 'yan kaɗan da ƙungiyoyin sa-kai ke yi, irin VLC na kallon bidiyo da sauraron sauti, wanda ba shi da talla kuma yana buɗe kusan kowane irin fayil.

Inda aka fi faɗa wa tarko shi ne gwajin kyauta na kwana uku ko bakwai. Ana danna amincewa, kwanakin na cika sai a fara cirar kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne goge manhajar daga waya ba ya dakatar da biyan. Sai an shiga an soke da hannu. A Android, buɗe Play Store, taɓa hotonki da ke sama, shiga sashen biyan kuɗi da rajista, za ki ga duk abin da ake cire miki. A iPhone, saituna ne, sai sunanki a can sama, sai sashen rajista. Apple ma cewa ya yi a soke aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. Mafi sauƙi, kina amincewa ki duba ranar ƙarewar ki sa ta a kalanda nan take.

Sadiq: Ranki ya daɗe Hajiya, wannan haka yake. Ni kuma izini ne damuwata. Ƙa'idar a sauƙaƙe: abin da manhaja ta nema ya yi daidai da aikinta. Taswira ta nemi sanin inda kake, daidai ne. Manhajar ɗaukar takarda ta nemi kyamara, daidai ne. Amma kalkuleta ko tocila ta nemi lambobin mutanenka da saƙonninka, me ya haɗa kifi da kaska?

Tun Android 6 a 2015 aka daina bai wa manhaja komai a dunƙule lokacin sauke ta, yanzu sai ta tambaya ɗaya bayan ɗaya. Android 10 ya kawo zaɓin a ba ta wurin da kake lokacin da kake amfani da ita kaɗai, Android 11 ya kawo na sau ɗaya tak. Daga Android 12 kuma akwai ɗigon kore da ke fitowa a saman allo duk lokacin da wata manhaja ta kunna kyamara ko makirufo. A iPhone ɗigo biyu ne tun iOS 14: kore na kyamara, ruwan lemo na makirufo. In kin ga ɗigon alhali ba ki buɗe komai ba, ki bincika.

Hanyar dubawa ba sai an sha wahala ba: danna alamar manhajar ki riƙe, ki taɓa ƙaramin harafin i da ke cikin da'ira, za ki ga izinin da ta karɓa, da datar da ta ci, da batirin da ta sha.

Izini biyu ne nake cewa a yi taka-tsantsan da su fiye da komai. Izinin karanta saƙon tes, don ta nan lambar tabbatarwa ta banki ke shigowa. Da izinin taimaka wa masu buƙata ta musamman, wanda aka yi domin makafi da masu wahalar taɓa allo. Manhajar da ta same shi tana iya karanta duk abin da ke kan allo, ta danna maɓallai da kanta. Ɓarayin asusun banki shi suke fara nema.

Malam Habu: Shi ya sa nake cewa a tsaya a kantin hukuma kawai. Fayil ɗin APK, wato fayil ɗin saka manhaja a Android, da aka turo ta WhatsApp ko Telegram, ko da ɗan'uwanka ne ya turo, shi ma bai san me ke ciki ba. Haka su GB WhatsApp da danginsa: ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, yana iya rufe lambar mai amfani da su, kuma ba wanda zai ba ka tabbacin inda saƙonninka ke bi.

Sadiq: Na yarda Malam, sai dai kantin hukumar ma ba tsarkakakke ba ne. A watan Agustan 2019 kamfanin Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja ɓoye a cikin CamScanner, manhajar da aka sauke fiye da sau miliyan 100, ta shigo ne ta ɓangaren tallan da aka cusa mata. Google ya cire ta na wani lokaci har aka gyara. Kuma sashen tsaron bayanai da Play Store ya ƙara a 2022, mai manhajar ne ke cike shi da kansa. A karanta, amma kada a ɗauke shi kamar hukuncin alƙali. A bar Play Protect, mai binciken manhajoji masu cutarwa da ke cikin Play Store, a kunne, yana taimakawa.

Malam Habu: Ka yi gaskiya. Bambancin dai ƙofa mai gadi ce da ƙofa marar gadi.

Nafisa: Na gode ƙwarai. To manhajojin nan masu share shara da ƙara wa waya gudu da sanyaya batir fa? Ana yawan cewa su za a fara sakawa.

Injiniya Lawal: A'a ƙanwata, su ne na farkon gogewa. Android da kansa yake kula da RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki. Manhajar da kika fita daga ciki yana ajiye ta a shirye don ta buɗe da sauri idan kin dawo, kuma in yana buƙatar wuri shi ke rufe ta. Idan mai sharar ya kashe ta da ƙarfi, sai ta sake tashi daga farko, wannan tashin kuwa ya fi cin batir. Daga Android 14 ma an toshe hanyar: manhaja ba ta iya kashe ayyukan bayan fage na wata manhajar, sai nata kaɗai. Ke nan roka mai tashi da kashi 90 da suke nuna miki a allo wasan kwaikwayo ne, talla ce ainihin sana'arsu. Batun sanyaya batir kuwa, manhaja ba fanka ba ce. Waya ta yi zafi, a cire ta daga caji, a cire rigarta, a rufe wasa ko bidiyo.

In wuri ne ya cika, Files by Google ya isa. Yana nuna fayiloli masu maimaici, manyan bidiyo, da manhajojin da aka daɗe ba a buɗe ba. Sai dai a kula da maɓallai biyu da ke kusa da juna a shafin bayanin manhaja. Ɗaya na share ajiyar wucin-gadi ne, ba ya cutar da komai. Ɗayan na share bayanai gaba ɗaya ne, yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta: ya fitar da ke daga asusu, ya tafi da duk abin da ba a kwafe ba. A WhatsApp kuskuren nan na iya cinye hirar shekaru.

Hajiya Binta: Bari mu ba ta sunayen da ta tambaya, kada mu tsorata ta ta ajiye wayar. Manhajar rubuta abin tunawa: Google Keep ya isa ga jerin sayayya, gajeren rubutu da tunatarwa, kuma abin da kika rubuta a waya zai bayyana a tabulet muddin asusu ɗaya ne. Rubutu mai tsawo da ake so a kasa shi littafi-littafi, OneNote ya fi, musamman a tabulet mai alƙalami. Mai iPhone, Notes da ya zo da wayar ya wadatar. Alƙawura kuma kalanda ɗaya tak. Wanda ya raba al'amuransa a manhajoji uku, a ta huɗu zai neme su.

Na takardu ba sai kin sauke sabuwa ba. Google Drive yana da maɓallin kyamara da ke ɗaukar takarda ya daidaita gefunanta ya mayar da ita PDF, Notes na iPhone ma haka. A shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu, haske ya zo daga gefe don kada inuwar wayar ta faɗa kan rubutun. Kuma idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, ba hoto ba, don hoto yana matse shi har ƙananan rubutu su dushe.

Sadiq: Kada a manta da kibod. Gboard da SwiftKey duk suna da Hausa. A ƙara harshen a saitunan kibod ɗin, ɓ da ɗ da ƙ za su samu, ya kuma daina mayar maka da kalmominka Turanci da sunan gyara. Amma kibod yana ganin duk abin da ka rubuta, har kalmar sirri, don haka ba wurin gwada masu furanni da walƙiya daga kamfanin da ba a sani ba ne.

Injiniya Lawal: Hotuna kuma nan ne ake kuka. Asusun Google kyauta gigabait 15 ne, kuma Gmail da Drive da Photos duk daga tukunya ɗaya suke ɗiba. Tun 1 ga Yunin 2021 aka daina ajiyar hotuna marar iyaka, yanzu kuma kwafin hirar WhatsApp na Android ma a cikin 15 ɗin ake lissafa shi. Idan ya cika, ba hotuna kaɗai ke tsayawa ba, imel ma ya daina shigowa. iCloud na Apple kuwa gigabait 5 ne kacal. Saboda haka a cire bidiyo daga kwafin WhatsApp, a kuma zaɓi ingancin da ke rage nauyi a Google Photos.

Abin da ya kamata a fahimta da kyau: waɗannan manhajoji madubi ne, ba akwati ba. Ka goge hoto a cikin Google Photos ko iCloud, ya gogu a waya da tabulet da intanet baki ɗaya. A iPhone yana zama kwana 30 a cikin waɗanda aka goge kafin ya tafi har abada. Mai son rage nauyin waya ba tare da asara ba, ya yi amfani da maɓallin samar da wuri na Google Photos, shi yana cire kwafin da ke wayar ne kawai bayan ya tabbatar an ɗora shi. Hotuna masu daraja kuwa a kwafe su a kwamfuta ko filashi, wuri ɗaya ba ajiya ba ne.

Malam Habu: Taswira: Google Maps, a sauke yankin da ake buƙata tun ana kan Wi-Fi. Sai dai idan babu intanet hanyar mota kawai yake nunawa, ba ya ba da ta ƙafa ko ta keke, ba ya sanin cunkoso, kuma taswirar da aka sauke tana da wa'adi, sai an riƙa sabunta ta. Mai yawan tafiya a ƙafa inda babu sabis ya haɗa da Organic Maps, wanda aka gina kan bayanan OpenStreetMap.

Nafisa: Allah ya saka da alheri. Saura kalmomin sirri, da kuma tabulet ɗin da yara za su riƙa taɓawa.

Sadiq: Kalmar sirri ɗaya ga kowane asusu, a bar manhaja ta riƙe su. Wadda ke cikin asusun Google ko na Apple ta isa. Mai haɗa Android da iPad ya ɗauki Bitwarden, yana aiki a duka. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan a karɓi lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa a rubuta su a takarda. Ba a cikin wayar ba, Anti Nafisa, don ranar da za a neme su ita ce ranar da wayar ta ɓata. WhatsApp ma a sa masa lambar sirri mai alƙaluma 6.

Hajiya Binta: Na yara, kada a miƙa musu tabulet da asusun babba a buɗe. A yi wa yaro nasa a ƙarƙashin Family Link, daga wayarki za ki ƙayyade awannin amfani da lokacin barci, kuma ba zai sauke komai ba sai kin amince. A iPad aikin Screen Time ne. A sa kantin ya nemi kalmar sirri ko yatsa a kowane saye, don wasannin kyauta cike suke da maɓallan sayen lu'ulu'u, yaro kuwa dannawa kawai ya sani. Idan aron minti goma ne, a kafe allon a kan manhaja ɗaya, Android da iPad duk suna da wannan a saituna.

Injiniya Lawal: Abu ɗaya game da tabulet: kafin a sauke, a duba hotunan shafin manhajar ko akwai na babban allo. Wasu na waya ne aka miƙe su kawai, ba sa juyawa a kwance, rabin allon fanko. Irin waɗannan gara a buɗe shafinsu a Chrome a maƙala shi a fuskar allo, ya yi aikin ba tare da cin wuri ba. Sannan a saita Play Store ya riƙa sabunta manhajoji ta Wi-Fi kaɗai, a kuma kashe saukar hotuna da bidiyo kai-tsaye a WhatsApp, daga sashen ajiya da data.