Ramsey ko Peel? Ina neman shawara kafin na biya kuɗin haya

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin jinya a Tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ireland, a babban asibitinsu da ke Strang, a bayan Douglas, babban birnin tsibirin, zan fara a watan Nuwamba. Gida biyu aka nuna mini, ɗaya a Ramsey da ke arewa, ɗaya a Peel da ke gaɓar yamma. Ba ni da mota tukuna, ina da yarinya 'yar shekara shida, kuma wasu ranakun da ƙarfe bakwai na safe zan kama aiki. Wanne ya fi dacewa da ni?

Abu Yasir: Wa alaikumus salam. Ki zauna a Douglas kawai, tunda kusan kashi ɗaya cikin uku na mutum 84,000 da ke tsibirin a can suke.

Yaya Binta: Ƙanwata, ki saurare ni, domin na ɗanɗana kuɗata a Ramsey. Ni ma taswira na duba, na ga tsawon tsibirin gaba ɗaya kilomita 50 da 'yan kai ne, sai na ce ai ko'ina kusa ne. Abin da ban lura da shi ba shi ne dutsen Snaefell, mai tsayin mita 620, wanda ya tokare tsakanin Ramsey da Douglas, kuma gajeriyar hanyar ta kafaɗarsa take bi. Wata asuba a watan Janairu na iso bakin hawan na tarar an gindaya shinge saboda ƙanƙara, na juya na bi ta Laxey a bakin teku, lanƙwasa bayan lanƙwasa a cikin duhu, ina bin wata babbar mota da ba ta wuce tafiyar hawainiya. Sau uku hakan ta faru da ni a hunturu guda, har shugabar sashenmu ta ba ni takardar gargaɗi. Da na ce zan tashi, mai gidan ya riƙe kuɗin ajiyata bisa hujjar damshin bango, damshin da na tarar tun ranar da na tare. Yanzu ina Onchan, dab da Douglas, fam 1,300 nake biya a wata, amma ina barci.

Ɗan Damagaram: Fam 1,300? An cuce ki, Yaya. Ɗaki biyu da falo nake da su a Peel kan fam 950, kuma hanyarmu ta kwari ce, ba hawan dutse. Ta St John's take wucewa, inda makarantar firamare mai koyarwa da Manx, harshen asali na tsibirin, take.

Yaya Binta: A wace shekara ka kama gidan, Malam? Kuma ka ɓoye mata cewa daga mahaɗar Ballacraine, kusa da St John's, zuwa Douglas hanyarku tana cikin filin tseren babura na TT, wanda ake rufewa lokaci-lokaci na mako biyu daga ƙarshen Mayu.

Abu Yasir: Duk da haka Douglas ta fi.

Ɗan Damagaram: Da girmamawa, Abu Yasir, kai a Liverpool kake, sau ɗaya ka zo kallon tsere. Wanda bai kwana hunturu a nan ba ya bar mazauna su yi magana.

Kawu Sale: Ku bar gardama, ku koya mata ladabin gari. A nan ba a ambaton sunan ɓera, “mai dogon wutsiya” ake cewa, alhali kyanwarsu ba ta da wutsiya ko ta magani.

Yaya Binta: Kawu, dariya kake yi, amma ranar da iska ta hana jirgin ruwan da ke haɗa mu da Heysham a Ingila tashi, ka je kanti ka ga yadda kantoci ke zama wayam. Bara na rasa ɗaurin auren ƙanena ta haka.

Ɗan Damagaram: Ni takardun kuɗinsu ne suka kunyata ni. Na miƙa fam 20 na tsibirin a wani shago a Ingila, mai shagon ya juya ta gaba da baya ya dawo mini da ita, alhali kuɗin Ingila a nan kowa karɓa yake yi.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah, akwai wanda ya taɓa shiga bas ɗin farko daga Peel? Dillalin ya ba ni zuwa Juma'a.