Kayan da ake cewa "wani kaso na marayu ne": kuɗin na kaiwa kuwa?

Maman Ikram, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka san kan kasuwa. Tun da azumi ya kama, duk babban kantin da na shiga sai na tarar an jibge kaya a bakin ƙofa, an manna musu jinjirin wata da fitila, ga hoton wani yaro ya zuba wa mutum ido. A ƙasa an rubuta da Larabci wai wani kaso na kuɗin marayu za a ba. Jiya na ɗauki man girki mai irin wannan tambari, ya ɗara wanda na saba saye da riyal huɗu, kuma wallahi ba don ya fi kyau ba, idon yaron nan ne ya hana ni mayar da shi. Da na koma gida na juya robar gaba da baya, babu inda aka faɗi nawa ne kason, babu sunan ƙungiyar da za a miƙa wa. Abin ya tsaya mini a rai, don ni ma marainiya na tashi, na san zafin jiran abin hannun mutane. Kuɗin nan na kaiwa? Kuma sadaka na yi, ko cefane kawai?

Abu Sadik, Riyad:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni aikin tsara talla nake yi, kuma dabarar nan ta daɗe. A 1983 kamfanin American Express ya yi alkawarin santi ɗaya duk lokacin da aka biya kuɗi da katinsa, don gyaran mutum-mutumin 'Yanci na New York. An tara dala miliyan 1.7, shi kuma amfani da katin ya ƙaru da kashi 28 cikin 100. Daga nan kamfanoni suka gane akwai riba a tausayi.

Fuskar yaro ɗaya ake sa miki, ba taron yara ba, saboda zuciya ta fi motsawa kan mutum guda. Jinjirin wata kuma yana tuna miki watan da ake ninka lada, sai ki ji kunyar miƙa hannu ga mai araha. Amma ba duka ne yaudara ba. Pampers da UNICEF a 2006 suka fara faɗa ƙarara: kunshi ɗaya, kuɗin allurar rigakafin tetanus ɗaya ga mata da jarirai. Wannan ana iya bin diddiginsa. Wanda ya ce "wani kaso" ya yi shiru, shi ne abin tsoro. Wasu ma tun kafin a buga tallar sun yanke iyakar abin da za su bayar, ko an sayi kwali dubu ko miliyan, ba ƙari.

Hajiya Babba, Makka:
Ɗana Abu Sadik, ka yi bayani, amma kada mu sa mutane su tsani alamomin nan gaba ɗaya. Mu matan Shara Mansur da can ko sunan sankarar mama ba ma iya kamawa a baki. Ɗan ƙyallen nan ruwan hoda da ke cika kantuna duk watan Oktoba, shi ya sa jikata ta tambaye ni ma'anarsa, ita ta ja ni asibiti aka duba ni, alhamdulillahi lafiya lau. Ƙungiyar Zahra mai yaƙi da sankarar mama a Saudiyya ta yi aiki a kan wannan, kuma a 2015 mata fiye da dubu takwas suka taru a Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad suka yi siffar ƙyallen da jikinsu. Ko mai turare ya ci riba da launin, ni dai na ci moriyarsa.

Maman Ikram, Jidda:
Gaskiya ne Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne a yi talla da maraicin yaro, a ɓoye abin da ya samu.

Ɗalibi a Madina:
Yaya, niyyarki tana wurin Allah, ba ya tozarta ta. Sai dai abin da ya gudana tsakaninki da kanti ciniki ne, kin ba da kuɗi kin karɓi mai, kyautar kuma ta kamfani ce idan ya cika alkawari. Saboda haka kada a lissafa irin wannan cikin zakka. Shawarata, ki sayi man da kika saba, riyal huɗun ki tura ta manhajar Ehsan da gwamnati ta buɗe a 2021. Akwai ɓangaren marayu, ki zaɓa da hannunki, shaidar biya ta shigo wayarki. Masu dangi a Sudan kuma, Cibiyar Agaji ta Sarki Salman ta buɗe musu gidauniya a manhajar Sahem tun Mayun 2023, ta nan nake tura nawa.