Layuka uku sun koma biyar: neman ƙarin haske kan naitorojin a cikin daimon na ƙira

Ɗalibin fiziks, Agege:

Assalamu alaikum malamaina. Ina karatun digiri na biyu a nan Legas, kuma malamin da ke duba aikina ya ba ni sakamakon awon EPR, wato awon da ke gano ilaktaron marar abokin haɗi ta hanyar maganaɗisu da maikurowef, da aka yi wa ƙwayoyin daimon biyu waɗanda aka ƙera a masana'anta. Ta farko ruwan ɗorawa ce, an yi ta da matsi da zafi mai tsanani, ta biyu kuwa fara ce tas, an tsirar da ita daga iskar methen da haidirojin. A ta farkon na ga layuka uku, amma da aka juya ƙwayar sai suka zama biyar. Ta biyun kuwa alamarta ba ta da ƙarfi, kuma da aka ƙara ƙarfin maikurowef sai ta kusa ɓacewa. Shin in rubuta cewa babu naitorojin a cikinta?

Malamin jami'a, Akoka:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka rubuta haka tukuna. Abin da ka gani a ƙwaya ta farko shi ne naƙasar da ake kira P1, wadda masu bincike na kamfanin IBM suka fara bayyanawa a 1959. Atam ɗaya ne na naitorojin ya zauna a mazaunin kabon, sai ya bar ilaktaron tilo wanda ba shi da abokin haɗi, kuma shi wannan tilon ne na'urar take ji idan aka sa ƙwayar a cikin maganaɗisu mai kimanin militesla 340 tare da maikurowef na wajen gigahaz 9.5. Layukan suna zama uku ne saboda cibiyar naitorojin-14, wanda shi ne fiye da kashi 99 cikin 100 na naitorojin duniya, tana iya tsayawa a hali uku.

Batun juyawa shi ne wurin da ya kamata ka tsaya da kyau. Ilaktaron ɗin ba ya bazuwa daidai a kan maƙwabtan kabon huɗu, ya fi karkata ga ɗaya, don haka naƙasar tana da fuskoki huɗu a cikin ƙwayar. Idan maganaɗisu ya bi layin [100], wato gefen kubu na tsarin atam ɗin ƙwayar, dukkan huɗun suna yin kwana ɗaya da shi, sai layukansu su hau kan juna, ka ga uku masu tazarar kimanin militesla 3.3. Idan ka mayar da shi [111], wato layin da ya ratsa kubun daga kusurwa zuwa kishiyarta, fuska ɗaya ta miƙe da maganaɗisu, tazararta ta kai wajen militesla 4.1, sauran ukun kuma suka tsaya a wajen 3.1. Ka auna ƙarfin layukan biyar ɗin, in ka same su 1:3:4:3:1 to ka san fuskar da ƙwayar take kallo.

Mai awon duwatsu masu daraja, Balogun:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni da hasken infared nake aiki, kuma abin da zan ƙara shi ne shirun EPR ba ya nufin naitorojin ba ya nan. Idan atam biyu suka haɗu kafaɗa da kafaɗa, ko huɗu suka kewaye gurbi, wato mazaunin kabon da babu atam a ciki, babu sauran ilaktaron tilo, na'urar kuma ba ta ganin su, alhali infared yana nuna su a lambar zango 1282 da 1175 cm⁻¹. Yawancin daimon na ƙasa haka yake, domin ya daɗe cikin zafi har naitorojinsa ya taru. Wanda aka ƙera da matsi bai samu wannan lokacin ba, shi ya sa naitorojinsa yake a warwatse, yake ba shi launin ɗorawa.

Malamin jami'a, Akoka:

Gaskiya ne Alhaji, sai dai a ƙwaya ta biyu na fi zargin ƙoshi. Idan naitorojin ya yi kaɗan ƙwarai, ilaktaron yana jinkirin komawa matsayinsa na ƙasa bayan ya sha maikurowef, saboda haka ƙarin ƙarfi yana cika shi ne har ya daina sha, layin ya dushe. Ƙanena, ka nemi a rage ƙarfin sosai, a maimaita awon sau da yawa a tara, sannan a gwada da ƙwayar da aka san adadin naitorojinta. Ka kuma roƙi a haska ta da koren leza. In ta fitar da jan haske mai layi a nanomita 637, to akwai naitorojin da ke maƙwabtaka da gurbi, wato NV, wadda haskenta ke raguwa idan maikurowef ya kai gigahaz 2.87.

Ɗalibin fiziks, Agege:

Na gode Malam, na gode Alhaji. Na koma kan takardar na auna, layukan waje sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke biye da su. Gobe in Allah ya yarda zan kai wa malamina buƙatar a sake awon ƙwaya ta biyu da ƙaramin ƙarfi.