Musayar Waƙa: Hannu Ya Motsa, Zuciya Ta Huce

Goggo Mai Faifai (Argungu):

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ni ce da buɗe fage. Bara waccan, bayan na fita takaba, barci ya ƙaurace mini. A asibiti aka ce jinina ya hau, aka ba ni ƙwayoyi, kuma ina sha har gobe, kada wani ya je ya ce Goggo ta ce a bar magani. Amma abin da ya riƙa rage mini tsawon dare shi ne kaba da basilla. Amsa-amonmu "wa". Wanda ya karya, goro na kansa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa yatsu ikon saƙawa.

Dare ya raba, gari ya yi tsit,
Idona biyu, barci na gujewa.

Na jawo kaba daga bayan gado,
Na jiƙa ta, ta yi laushin naɗewa.

Ja na karan dafi, kore na galura,
Baƙi a tsakiya yana kewayawa.

Kakata ta koya min ina 'yar bakwai,
Shekara hamsin, hannu bai san mantuwa.

Faifan farko ya fito a karkace,
Ko tuwo ya rufe, ƙuda na shigewa.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki,
Rabona da ita tun ranar rasuwa.

To ku faɗa mini, 'ya'yana, da me
Kuke lallashin rai in ya ɗau damuwa?

Ɗan Su (Argungu):

Allah Ya jiƙan Baba, Goggo, Ya kai haske kabarinsa. Ga tawa.

Goggo na ji, kuma ga ni na amsa,
Ni ɗan su ne, jikan Kabawa.

Homa in ta yage ba a yar da ita,
Zare ake nema a zauna ƙullawa.

Ranar biki ki leƙa Matan Fada,
Dubban gora bisa ruwa na rausayawa.

Kowa idonsa na kan mai giwan ruwa,
Wa ya ga daren da ya kwana gyarawa?

Ido ɗaya, ƙulli ɗaya, sai na gaba,
A nan ni dai nake samun natsuwa.

Gorana ma na ƙona masa zane,
Kada da kifi suna gaisawa.

Abokan su suna ta yi mini tsiya, wai kada ba ya gaida kifi sai da haƙori. Na ce a gorana dai yana gaidawa. Bikin kamun kifin nan na kogin Matan Fada tun 1934 ake yin sa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Argungu, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Duk wannan suna, zarensa a hannun masu ƙulli yake.

Ɗan Mafara (Talata Mafara):

Ku yi haƙuri, yau ba daɗin baki naz zo da shi ba.

Goggo ki gahwarce ni, ɗanki na,
Gaskiya ɗaci gare ta wurin haɗiyewa.

Wanga zance na mai ƙoshi na,
Mi faifai za shi yi ma mai yunwa?

Gonata tana can bayan daji,
Damana biyu babu mai leƙawa.

Mun baro ƙauye da tabarma guda,
Ɗakin aro muka kwana, ɗiya na kokawa.

Ruwan Bakolori ga shi nan kwance,
Taki ya yi tsada, ba ya sayuwa.

In niɗ ɗauki wuƙa in zana gora,
Maƙwabta su ce ya hwara taɓuwa.

Tela na Jega:

Goggo, na karya amsa-amo da gangan, a rubuta goro a kaina. Maganar yayana ta fi ƙarfin "wa", sai na sauya zare.

Yaya na Mafara, ban musa maka ba,
Yunwa ba ta jin daɗin baki.

Jajiberin Sallah wuta ta ɗauke,
Na koma keken ƙafa ina haki.

Masu kaya sun cika ƙofar shago,
Wannan harara, wancan tsaki.

Sallah ta wuce, kasuwa ta mutu,
Wata biyu ba wanda ya kawo ɗinki.

Sai na dubi ƙyallen da nake sharewa,
Shadda, atamfa, leshi, har kaki.

Na harhaɗa wa 'yata mayafin kwana,
Launi talatin a shimfiɗar ɗaki.

Ban sa masa kuɗi ba, ba na sayarwa,
Amma ranar tuwo ya zauna ciki.

Hannun da ya saba da ƙotar kalme,
In ka bar shi zaune, shi ke cin jiki.

Malam na Gwandu:

Tela, baitinka na shida ya ɗan yi ɗingishi, amma ma'ana ta ɗauke shi ta kai gida. Na mayar da mu kan hanya.

Alƙalamin gamba na feƙe da kaina,
Ƙaro da gawayi, tawada na dafuwa.

Allon zayyana na yaron da ya sauke,
Kwana bakwai na yi ina ƙawatawa.

Ba farilla ba ce, ba wanda ya tilasta,
Karatu ya cika ko babu zanawa.

Amma ku ga uban yaro da ya riƙa allo,
Bakinsa ya kasa, ido na zubarwa.

Uwar Biyu (Gusau):

Baba na Mafara, ban kai in ja da kai ba, abin da ya same ku ya fi nawa nesa. Allah Ya mayar da ku gida lafiya. Ni dai abin da na gani a jikina zan faɗa.

Na haifi biyu, gida ya cika da barka,
Ni kuwa kuka ba dalili yake zuwa.

Aka ce jego ne, sha kunun kanwa,
Na sha, nauyin ƙirji ba ya raguwa.

Sai na tsinci tsohon littafin makaranta,
Rabi lissafi, rabi na jiran cikawa.

Abin da na kasa faɗa wa kowa,
Biro ya ɗauka, ba ya tseguntawa.

Da yamma in kwaɓa lalle a murfi,
Tafin ƙanwar miji, ganye na tohowa.

Wata rana ya yi kyau, wata rana ya caɓe,
Ta ce, "Anti, wannan ai gizo ne ke rarrafawa."

Ku tuna kakanninmu a bakin turmi,
Lugude ake, habaici na fitowa.

Kishiya ta ji, maigida ya ji,
Ba a kai ƙara ba, rai na hucewa.

Su ma ba ƙoshi ne ya sa su waƙa ba,
Dawa mudu ɗaya, baki goma na jiran dafuwa.

Ranar rigakafin yara kuma na daure na gaya wa ma'aikaciyar jinya abin da nake ji. Ta zaunar da ni ta saurara, ta ce ana samun haka bayan haihuwa, ba ni kaɗai ba ce, ta ce in dawo. Na faɗi wannan ne don wata mai jego da ke karantawa ba ta magana. Littafin ma shi ya koya wa bakina faɗi.

Goggo Mai Faifai:

'Yata, Allah Ya raya tagwaye. Ɗan Mafara shiru kwana uku. Ɗana, in maganata ce ta sosa maka, ka yafe wa tsohuwa.

Ɗan Mafara:

Wane ni, Goggo. Caji ne babu. Ga abin da yaf faru, kuma kada Tela shi ce ya ci ni.

Shekaranjiya autana yad dame ni,
Motar kara tai, taya na cirewa.

Nik karɓa don shi bar mani kuka,
Niy yanko silifa, niz zauna hudawa.

Nif feƙe kara, nis soka tsinke,
Yatsu sun tuna abin da sunka iya tun ƙuruciya, ba koyawa.

Kahin la'asar ta zama gingimari,
Har karen mota a baya na maƙalewa.

Yaran unguwa sunka yi mani zobe,
Kowa da karanai, layi na ƙaruwa.

Nir rubuta bayanta da gawayi:
"In Allah Ya so, gida muna komawa."

Yunwa tana nan, ban ce ta tahi ba,
Gona tana can, ba mai nomewa.

Amma barci niy yi daren jiya, Goggo,
Sallar asuba sai da anka yi tadawa.

Malam, na san baiti na ukku ya yi tsawo kamar gingimarin. A bar shi haka nan, ba ni yankewa.

Malam na Gwandu:

An bar shi. Mota mai kaya ba a auna ta da kamu.

Ɗan Su:

Yaya, in ta iso Argungu a ɗauko mini buhun shinkafa biyu, ladan dako kifi ne.

Goggo Mai Faifai:

Ɗana na Mafara, ka sa ni hawaye,
Basilla ta soke ni garin gogewa.

Faifan nan nawa da ya fito a karkace,
Na ajiye wa auta, tayar canjawa.

Ka turo mana hoton motar in caji ya samu. Kai kuma Tela, yau kwana biyar, goro ko ɓari ban gani ba.